Zuciyar da ke tafiya kasuwa ana tsakar salla: fashin baƙi a kan halartar da hankali

Duk wanda ya daɗe yana salla ya san wannan hali. Ka tayar da kabbara da kyakkyawar niyya, ka kama Fatiha, amma kafin ka kai ƙarshenta zuciyarka ta zura takalmi ta fice. Ta leƙa shago ta ƙirga cinikin jiya, ta biya ta ƙofar gidan wanda kake bi bashi, ta tsaya tana shirya amsar da ya kamata a ce ka mayar wa wanda ya gaya maka magana a wurin ɗaurin aure. Can sai ka farga ga ka zaune kana tahiya, ba ka san ko zaman farko ne ko na ƙarshe ba. In a bayan liman kake, sai ka jira ka ga ko za a miƙe. Malaman fiƙihu sun san ɗan Adam sarai, shi ya sa tun muna yara a zaure aka karantar da mu ƙabli da ba'adi. An koya mana yadda ake ɗinke sallar da rafkanwa ta yaga. Abin da ba a cika zaunar da mu a koya mana ba shi ne yadda ake horar da ita kanta zuciyar mai ficewa.

Wannan horo ne duniya ta runguma a shekarun nan da sunan da Turawa suka laƙaba masa, maindifulnes. Ni a nan zan riƙa ce masa halartar da hankali. Ana koyar da shi a asibitocin Amurka da Birtaniya, ana sayar da manhajojinsa a waya, kamfanoni na ɗauko masu koyar da shi su zaunar da ma'aikata. A watan Disamban 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 21 ga Disamba ta kowace shekara domin irin wannan zaman natsuwa. A wajenmu kuwa an rabu biyu. Akwai waɗanda da zarar sun ga hoton wani ya harɗe ƙafafu ya rufe ido sai su ce ai wannan bautar Indiyawa ce, a yi nesa da ita. Akwai kuma matasan da suka tsinto shi a YouTube suna tallarsa a matsayin sha yanzu magani yanzu, wai yana kashe damuwa da hawan jini da rashin barci a zama ɗaya. Na daɗe ina bibiyar lamarin, na kuma gwada da kaina, kuma a ganina kowane ɓangare ya riƙe guntun gaskiya ya saki babbar.

Mu fara da cutar kafin maganin. A shekarar 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, suka fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan mutum 2,250. Wayar kowannensu takan yi ƙara a lokacin da bai zata ba, ta tambaye shi me yake yi, yaya yake jin ransa, kuma tunaninsa yana kan abin da ke gabansa ko yana wani wuri. A kashi 46.9 cikin ɗari na lokutan da aka tambaya, hankalin mutanen ba ya tare da aikin hannunsu. Kusan rabin zaman mutum ido biyu ke nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a lokutan da tunani ya tafi yawo ne mutanen suka fi cewa ransu ba daɗi. Ko mai tunanin abin alheri ma bai fi wanda hankalinsa ke kan aikinsa jin daɗi ba.

Bayan shekara huɗu, Timothy Wilson da abokan aikinsa a Jami'ar Virginia suka yi wani gwaji da ya fi wannan ban mamaki. Suka riƙa barin mutum shi kaɗai a ɗaki na minti 15, babu waya babu littafi, sai wani maɓalli da in ya danna lantarki zai ɗan ja shi. Duk an ɗanɗana musu jan tun farko, sun kuma ce za su biya kuɗi don kada a sake. Duk da haka maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna da hannunsu. Zama da kai ba abu ne mai sauƙi ba. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano dalili guda: tun 2001 Marcus Raichle ya nuna akwai wasu sassa na ƙwaƙwalwa da ke ƙara himma daidai lokacin da mutum ba ya yin komai, kuma aikinsu shi ne tuno jiya, hasashen gobe, da tunanin "ni" da abin da mutane ke cewa a kaina. Wannan ba aibu ba ne a karan kansa, da shi ake shirin noma tun kafin damina, da shi ake tsara magana kafin a je biko. Inda yake zama masifa shi ne in ya koma saƙa da warwara, magana ɗaya ana juya ta tun bayan Isha har kiran assalatu, ba a warware komai ba sai ƙirji da ya ƙara nauyi.

Shi horon kansa bai da wuyar bayani. Za ka zaɓi abu ɗaya ka kafa shi a matsayin turke, galibi numfashi, domin shi kullum yana tare da kai kuma ba a sayensa. Ka sa hankalinka a kan shigarsa da fitarsa, yadda iska ke shiga hanci da ɗan sanyi ta fito da ɗumi, ko yadda ciki ke tasowa ya koma. Ba za a jima ba hankalin zai tsinke ya tafi. Can za ka farga ya tafi. Sai ka kamo shi ka dawo da shi turke, ba duka ba zagi. Tsofaffin littattafan mabiya Buddha da maraƙi suka kwatanta shi: a ɗaure shi a turke, ya yi ta fizga yana neman uwarsa, in ya gaji sai ya kwanta a gindin turken. Duk wanda ya taɓa kiwo ya ga haka da idonsa.

A nan ne mafi yawan masu farawa ke karaya, domin an ce musu manufar ita ce kai ya zama fanko, babu tunanin komai. Wannan kuskure ne babba. Ƙwaƙwalwa mai rai ba ta daina kawo tunani, kamar yadda rijiya mai ido ba ta daina kawo ruwa. Lokacin da na fara, nakan zauna bayan sallar Asuba in ce zan ƙirga numfashi goma. Mako biyu cur ban wuce huɗu ba tare da na tsinci kaina a wani wuri ba, har na yanke cewa abin ba na irina ba ne. Daga baya na fahimci cewa wannan ɗan lokacin da kake farga, ka ce "af, na tafi", ka dawo, shi ne aikin gaba ɗaya. Wanda hankalinsa ya tafi sau talatin ya dawo da shi sau talatin ya yi atisaye talatin ke nan.

Daga Bama zuwa asibitin Amurka

Masu cewa abin daga addinin wasu ya fito ba su yi ƙarya ba. Kalmar asali ita ce sati, a harshen Pali da aka adana koyarwar Buddha a cikinsa, mutumin da ya rayu a arewacin Indiya ƙarnoni kusan biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Ma'anar sati ta farko ita ce tunawa. Wani Bature da ya yi aikin mulkin mallaka a Silon, wato Sri Lanka ta yau, T. W. Rhys Davids, shi ya fassara ta da kalmar Ingilishin da ake yayi yanzu, a 1881. Ƙarnoni da yawa wannan zama aikin masu zuhudu ne da suka bar gida suka tare a gidajen ibada. Abin da ya fito da shi ga talakawa shi ne mulkin mallaka. A 1885 Ingilishi suka ci Mandalay suka tuɓe sarkin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar a yau. Da aka rasa sarkin da ke kare addini, wani malaminsu, Ledi Sayadaw, ya ga mafita ita ce a koya wa manoma da 'yan kasuwa abin da a da aka keɓe wa masu zuhudu. Daga wannan silsila ne S. N. Goenka ya fito, ɗan kasuwar da ya koma Indiya a 1969 yana koyar da zaman shiru na kwana goma, kuma matasan Turawa da Amurkawa da yawa suka koya a hannunsa da hannun irinsa suka kai gida.

Wanda ya shigar da shi asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu da ya yi digirin digirgir a jami'ar MIT ta Amurka. A 1979 ya buɗe wani sashe a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts da ke garin Worcester, ya ce likitoci su turo masa marasa lafiyar da magani ya gaza musu, musamman masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya cire sunan Buddha da aƙidunsa, ya bar dabarar, ya tsara ta mako takwas: haɗuwa sau ɗaya a mako ta awa biyu da rabi, atisayen minti 45 kullum a gida, da yini guda na shiru. A darasin farko akan miƙa wa kowa ƙwayar zabibi. A ce ya dube ta kamar bai taɓa ganin irinta ba, ya juya ta ya ga tamojinta, ya shinshina, ya ɗora a harshe ya dakata, sannan ya tauna sannu a hankali ya ji lokacin da zaƙin ya fashe. Mutanen da suka ci zabibi dubbai a rayuwarsu sukan ce yau ne suka fara jin ɗanɗanonsa. Mai azumi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san bambancin dabinon farko na buɗa-baki da na biyar, wanda ake haɗiyewa ana hira.

Daga wannan tsari wasu masana uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka fitar da wani na musamman domin masu ciwon damuwa mai dawowa. Sun lura wanda ya taɓa faɗawa wannan rami, ɗan ɓacin rai kaɗan ya isa ya tayar masa da tsohon karatu: ni ba ni da amfani, kullum haka nake, ba zan taɓa fita ba. Sai suka koya wa marasa lafiya su riƙa ganin irin wannan a matsayin tunani da ya zo wucewa, wanda ba dole ne a gaskata shi ko a yi kokawa da shi ba. A 2004 hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a Ingila ta amince da shi ga waɗanda ciwon ya kama sau uku ko fiye. A 2016 aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje tara a kan marasa lafiya 1,258, aka ga haɗarin dawowar ciwon cikin mako 60 ya ragu da kashi 31 cikin ɗari a wurin waɗanda suka yi horon. Wani gwajin da aka fitar a 2022 a Amurka, a kan mutum 276 masu ciwon fargaba, ya nuna horon mako takwas bai gaza wata sananniyar ƙwayar magani mai suna escitalopram ba.

Wannan shi ne iyakar abin da za a iya bugun ƙirji da shi, kuma ba kaɗan ba ne. Amma da masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka tace gwaje-gwaje 47 a 2014, abin da suka samu shi ne taimako matsakaici a kan fargaba da damuwa da raɗaɗin ciwo, ba su kuma ga hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani ba. A Birtaniya an gwada koyar da shi ga ɗalibai sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14 a makarantu fiye da 80, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai ƙara musu komai a kan darussan da suka saba ba, yawancinsu ma ba su yi atisayen a gida ba. Abin da aka ɗora wa mutum dole ba ya kama zuciya. Akwai kuma wani amfani da shi da nake ƙi har raina: a riƙe wa ma'aikaci albashi, a ɗora masa aikin mutum uku, sannan a kawo wanda zai koya masa jan numfashi. Magidancin da ya kasa barci don babu awo a gidansa, hatsi yake buƙata. Natsuwa za ta iya taimaka masa kada ya sauke haushin a kan iyalinsa, amma ba za ta cika masa tukunya ba, kuma zalunci ne a sa shi ya ɗauka laifin zuciyarsa ne.

To, mu ina muka tsaya?

Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma ina ganin tambayar tana sauƙaƙa in aka rarrabe abu uku da ake cakuɗawa. Akwai dabarar lura da numfashi da jiki da tunani. Akwai aƙidar da ta zo da ita a asali, irin su sake haihuwa bayan mutuwa da cewa babu wani rai tabbatacce. Akwai kuma ayyukan bauta, kamar rusuna wa gunki ko maimaita kalmomin da ke kiran abin bautar wasu. Na biyu da na uku Musulmi ko Kirista ya san ba nasa ba ne, kuma yana da kyau a buɗe ido, domin wasu tsare-tsaren sukan zo da rigar kimiyya alhali da bauta a ciki. Wata kotu a jihar New Jersey ta Amurka ta hana koyar da tsarin zaman natsuwa na wani malami ɗan Indiya, Maharishi Mahesh Yogi, a makarantun gwamnati a 1977 saboda ta same shi da ɗabi'ar addini. Na farkon kuwa, wato mutum ya san yana numfashi kuma ya san abin da ke gudana a ransa, ba mallakar kowa ba ne.

Kuma ba baƙo ba ne a gidanmu. Haris al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, laƙabinsa ma daga yawan yi wa kansa hisabi ya samo shi. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan muraƙaba da muhasaba, wato sa wa zuciya ido da yi wa kai hisabi, kuma misalin da ya gina shi a kai duk ɗan kasuwar Kwari ko Kurmi zai gane shi nan take. Ya ce hankali da rai kamar abokan kasuwanci ne, jarin kuwa shi ne kwanakin rayuwa, kowane numfashi dukiya ce da in ta tafi ba ta da madadi. Mai dukiya da ya san abin da yake yi, da safe yakan kafa wa yaron shagonsa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da yamma ya zauna su yi lissafi. Haka Ghazali ya jera matakai shida: sharaɗi, sa ido, lissafi, horo in an yi ha'inci, ƙoƙarin cike giɓi, da faɗa irin na mai son gyara. Matakin sa ido ɗin nan, in ka karanta bayaninsa, ya haɗa da tsayawa a kan kowane tunani da ya ɗarsu kafin ya zama niyya, a tambaye shi daga ina kuma don wa. Kiristocin farko da suka tare a hamadar Masar a ƙarni na 4 su ma sun bar rubuce-rubuce a kan gadin zuciya daga tunane-tunane.

Akwai bambanci na gaske, bai kamata a shafe shi don a faranta wa kowa ba. Tsarin asibiti cewa yake ka lura da abin da ya zo maka ba tare da yanke masa hukunci ba. Muhasaba kuwa hukunci ce tsagwaronta, kuma muraƙaba ba kallon kai kaɗai ba ce, sanin cewa Allah Yana kallonka ne, kamar yadda hadisin Jibrilu ya fassara ihsani. Na jima ina ganin kamar biyun sun yi hannun riga, sai daga baya na gane cewa jeri ne: gani kafin hukunci. Wanda da zarar hassada ta motsa a ransa zai daka wa kansa tsawa, abin da yake koya wa zuciyarsa shi ne ɓoyewa. Gobe hassadar za ta dawo da rawani, ta ce sunanta kishin gaskiya. Wanda ya iya tsayawa ya ce "wannan hassada ce, ga ta nan a ƙirjina", shi ne zai iya yi mata hisabi na gaskiya. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya buɗe wannan ƙofa: Allah Ya yafe wa al'umma abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Tunanin da ya ɗarsu ba shi ne kai ba, kuma ba a rubuta maka shi ba tukuna.

Abin lura ne cewa zikiri ma ma'anarsa tunawa, kamar sati. Abin da ake tunawa ne ya bambanta, kuma wannan bambanci shi ne komai ga mai imani. Shi ya sa ba na son yadda wasu ke tallar zikiri kamar ƙwayar barci. Gaskiya ne jiki na amfana. Wani likita a Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutum 23 a 2001 suna jan addu'ar carbin Katolika da Latin, ya ga numfashinsu ya sauka zuwa kusan shida a minti, alhali mai hutawa yakan yi 12 zuwa 20, kuma bugun zuciya da hawa da saukar jini suka daidaita da shi. Ba mamaki mai jan tasbihi talatin da uku a natse bayan salla, ko mai lazimin safe da yamma, ya sami irin wannan. Amma riba ce ta gefe. Kuma carbi na iya gudu a hannu alhali zuciya na tasha tana cinikin mota. A nan ne horon dawo da hankali ke yi wa mai ibada hidima.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sanin kai da ake ta faɗa yana farawa ne daga abu ƙarami ƙwarai. Ɗauki saƙon da ya shigo zauren WhatsApp na dangi, wani ɗan uwa ya yi maka gugar zana a gaban kowa. Kafin ka gama karantawa fuskarka ta ɗau zafi, muƙamuƙi ya ɗaure, numfashi ya koma saman ƙirji, babban yatsa ya riga ya hau rubutu. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wanda bai saba lura da jikinsa ba sai bayan ya tura amsar zai san ya yi fushi. Wanda ya saba yakan ji zafin fuskar tun yana tasowa, kuma wannan jin shi ke ba shi ɗan sarari ya ajiye wayar. Umarnin Manzon Allah (SAW) ga mai fushi, cewa in yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta, yana buƙatar mutum ya fara sanin cewa fushin ya zo.

Kiran abu da sunansa ma magani ne. Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar California da ke Los Angeles sun nuna a 2007 cewa in mutum ya ambaci sunan yanayin da yake gani a fuska, ɗan sashen ƙwaƙwalwa mai kaɗa ƙararrawar tsoro yakan lafa. Hausa ba ta da talaucin irin waɗannan sunaye, mu ne muke tattara su duka a cikin "raina ya ɓaci". Haushi daban, takaici daban. Zulumi na abin da bai zo ba ne, nadama ta abin da ya wuce. Ƙyashi ba kishi ba ne, kunya ba tsoro ba ce, kaɗaici kuma yakan ɓuya a bayan yawan faɗa. Uwar da ta gane cewa abin da ke sa ta yi wa yara tsawa da magariba gajiya ce da yunwa, ta riga ta san abin da za ta gyara. A nawa zaman na bayan Asuba, bayan wata guda na lura baƙin da ke sace mini hankali ba su wuce uku ba, kullum su ne: lissafin kuɗi, wata tsohuwar magana da aka faɗa mini, da tsoron kada a ga gazawata. Na ukun ban taɓa sanin yana tafiyar da ni haka ba.

Wanda ke son gwadawa, minti biyar sun isa a fara. Ka zauna yadda bayanka zai miƙe ba tare da ƙagewa ba, a kan darduma ko kujera, ido a rufe ko a sunkuye. Ka bar numfashi ya tafi yadda yake so, kana ƙirgawa a kowace fita har goma, in ka ɓata ka koma ɗaya. Lokaci ɗaya kullum ya fi awa guda ranar Lahadi. Wadda gidanta ba ya shiru, kuma su ne mafi yawa, ba sai ta nemi ɗaki ba: tsintar wake, wanke-wanke, tafiya ɗebo ruwa, duk turke ne in an sa hankali a kan hannu da ƙafa. Alwala kuwa ta fi kowanne, sau biyar a yini, ga sanyin ruwa a gwiwar hannu musamman da hunturu, kuma tana kai mutum bakin kabbara da zuciyar da ta riga ta fara dawowa gida. Sannan a rage abin da ke fizgar maraƙin. A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm a karɓo marar ado, domin zanen ya ɗauke masa hankali. Waya a aljihu tana motsi ta fi kowane zane.

Akwai waɗanda ya kamata su taka a hankali. Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun tattara a 2017 bayanan mutanen da dogon zama ya jefa su cikin firgici, rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu. Wanda ya ga tashin hankali da idonsa, ya gudo daga garinsu cikin dare ko ya kwana a hannun masu garkuwa, rufe ido cikin shiru na iya dawo masa da hotunan da yake gudu. Irin wannan ya bar idonsa a buɗe, ya sa hankali a tafin ƙafarsa da ke taɓa ƙasa ko a sautin da ke kewaye da shi, in abin ya tsananta ya tashi ya bari. Wanda kuma ya kwashe makonni ba barci ba cin abinci, ko yake jin muryoyi, ko tunanin kashe kansa ke zuwar masa, wurin likita zai nufa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, amma akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa na da sashensa.

Sai masu waswasi, waɗanda ke maimaita alwala sau biyar suna sake kabbara har liman ya yi ruku'u. Su ba ƙarin sa ido suke buƙata ba, ya riga ya yi musu yawa, kuma in aka ce su riƙa bincikar kowane tunani ciwon zai ƙaru. Malaman Malikiyya sun ba su hukunci na daban tun da daɗewa: wanda shakka ta zame masa jiki ya watsar da ita, kada ya kawo abin da yake shakkar ya bari, ya sallame ya yi ba'adi.